Tasar da Na Kife a Ɗakin Inna

Har yau idan muka haɗu wurin biki ko suna, kawunku Umaru ba ya rasa cewa, yana dariya, ni ce na riƙe mahaifiyarmu a Gwandu daga kaka har bazara saboda wata tasa. Ku ma kun ɗauki zancen kuna maimaitawa, har jikokin da ba su ga Inna da ido ba sun iya shi. Ba na jin haushi, don akwai gaskiya a ciki. Sai dai rabin labari ne, kuma tunda kun matsa in rubuta muku abin da na gani a duniya, gara ku ji ɗaya rabin daga bakina tun ina da sauran haƙoran faɗa.

Ni ce 'yar fari a wurin Inna. A gidajenmu na da, uwa ba ta sakewa da ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ko kuka yake sai wata ta ɗauka. Ana yaye ni a Kalgo aka kawo ni Gwandu wurin Goggo, yayar mahaifinmu, a hannunta na girma, daga ɗakinta aka kai ni gidan babanku. Na san Inna ce ta haife ni, amma har na yi furfura ban taɓa yin mako guda tare da ita ba. Idan na je gaishe ta sai ta amsa tana duban wani wuri. In za ta ba ni abu, ta ajiye a ƙasa ta ce da wanda ke kusa, "A ce ma waccan ta ɗauka." Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin ƙiyayya ba, haka kowa ya taso ya gani. Amma idan na ga ƙannena sun kewaye ta suna hira tana zaginsu da wasa, nakan ji sha'awa, in koma gefe in kama aikin da ba a sa ni ba.

Abin da na gada daga Goggo shi ne daɓe. Ku 'yan zamanin siminti da tayil ba ku san darajarsa ba. Ana zuba jar ƙasa da tsakuwa a ɗaki, a yayyafa ruwa, mata su jeru a durƙushe kowace da madaɓinta, su yi ta bugu suna waƙa har ƙasa ta kwanta. Sannan a kawo ruwan makuba, wato ɓawon ɗorawa da aka jiƙa, a riƙa yayyafawa ana ƙara bugu, har wurin ya yi duhu ya yi santsi, ya yi ƙarfin da ko turmi aka kafa ba zai fashe ba. Goggo ce shugabar masu daɓe a unguwarmu, da ta rasu aka ce ni. Aikin shugaba ba ƙarfin hannu ba ne, don akwai 'yan mata da suka fi ni bugu. Aikinta ta san ranar da ƙasa ta yarda a rufe ta. Daɓe murfi ne. In kika rufe ƙasa da ruwa a cikinta, ruwan zai rasa mafita ya bi bango ya hau, gindin bango ya ruɓe ta ciki alhali waje fes, tabarma ta yi funfuna, mai kwana a ɗakin ya kwashi sanyi bai san daga ina ba. Goggo takan ce ƙasa ba ta ƙarya, kunya ce da ita, sai an rufe ta take faɗin abin da ke cikinta. Ta koya mini hanyoyin tambayarta, ni kuma na riƙe.

Shekarar da nake ba ku labari, damina ta yi nauyi a ƙarshenta, gulbi ya cika ya shigo unguwar su Inna a Kalgo. Mahaifinmu ya daɗe da rasuwa, Umaru ne mai gida. Ruwa ya kwana a tsakar gida ya kai gwiwa, ya kuma ƙi tafiya da wuri. Allah ya tsare, ba a rasa rai ba, ɗakin Inna ma bai faɗi ba, don ginin mahaifinmu ne, bangonsa mai kauri, kuma shekara biyu kafin nan Umaru ya kashe abin da yake da shi ya shafe shi da siminti ciki da waje. Amma Inna tana da fuka, ko hadari ya haɗu ƙirjinta ya fara kuka. Dangin Kalgo duk ruwan ya taɓa su. Dole ta sa Umaru ya sako ta a mota, suka bi ta Birnin Kebbi da Kambaza, ya sauke ta a ƙofar gidana da ƙullin kayanta da butarta. Ke Balkisu kina gida a lokacin, kina wankan jegon Sani.

Ku da kuka san babanku da surutu, da kun ga yadda ya koma. Mutumin da ke shigowa gida da sallamar da ake ji a maƙwabta, sai ga shi yana tuɓe takalmi tun daga zaure, ya durƙusa daga nesa ya gaishe ta kamar mai neman gafara, ya fice da sauri. A zaure ya tare, can ake kai masa abinci. Inna ma in ta ji motsinsa sai ta ja mayafi ta juya fuska bango. Kowannensu yana ganin shi ne ya takura ɗayan. Ƙullin kayanta kuwa ta ƙi a kwance, yana nan a gefen gado. Da safe ta dube ki ta ce,

"Ke Balki, tambayi uwakki, yaushe za a maishe ni ɗakina? Ni ba a haihe ni don in mutu gidan suruki ba."

Ina zaune a wurin, tsakanina da ita bai fi tabarma guda ba, amma ke za ki juyo ki maimaita mini, ni kuma in ba ki amsa ki mayar.

Da ruwa ya janye, rana ta buɗe, Umaru ya kira ni a waya. Adda yake ce mini, wato yaya.

"Adda, ɗaki ya bushe ƙayau. An kwashe laka, an share. Ki taho ki yi muna daɓe mu maido tsohuwa. Na gaji da bakin mutane."

Na ce to. Ya sa rana, matarsa Hajo ta gayyaci matan unguwa, aka jiƙa makuba, aka sayi goro. Na isa Kalgo ana gobe aiki. Da ido kam ba ki da abin cewa. Bango ya yi fari, ƙasan ɗaki har ƙura take tashi in an taka. Amma ina sa kai hancina ya ji wani wari kamar na randar da aka daɗe ba a wanke ba. Na ɗauki ƙotar madaɓi na bi bango ina ƙwanƙwasawa. Daga sama yana amsawa da ƙarfi, ina saukowa wajen gwiwa sai muryarsa ta mutu. Na nemi inda siminti ya tsage, na soka basilla har ta nutse, na zaro na ɗora a kumatuna. Sanyi ƙalau, ga jar ƙasa ta manne a jikinta. Na karɓi tasa wurin Hajo, na goge cikinta da gefen zanena har ta yi ƙyalli, na kife ta a tsakiyar ɗaki, na zagaye bakinta da busasshen yashi don kada iska ta shiga. Na ƙulla gishiri a tsumma na cusa cikin tsagar bango. Na ja ƙofa na ce kada kowa ya shiga sai na tashi.

Da hantsi mata suka cika gida, kowace da madaɓinta, tuwo yana kan wuta. Na shiga na ɗaga tasa. Cikinta ya yi gumi, ɗigo-ɗigo, har wani yana gangarowa. Inda ta kife ƙasa ta yi duhu. Gishirin da na ƙulla ya dunƙule ya jiƙa tsumman. Na fito na ce da mata su yi haƙuri, yau babu daɓe. Aka je aka kira Umaru daga waje.

"Adda, mi kika nuhi? Mata sun taru, an dahwa tuwo, an jiƙa makuba."

"Nuhina ɗakin ga bai bushe ba. Bisa ɗai ta bushe. Taho ka gani."

Ya duba tasa, ya shafa da yatsa.

"Wagga ai raɓa ta."

"Raɓa cikin ɗaki, ƙarƙashin tasa, ƙohwa ruhe? Ta ina ta shigo?"

Sannan ya rage murya don kada mata su ji.

"Kin san abin da aka hwaɗi cikin gari? Wai na kai uwata gidan suruki na aje, ni da raina da lahiyata. Ko masallaci na shiga sai an tambaye ni ina tsohuwa."

"Su hwaɗi. Bakinsu ba shi sa mata tari. Ɗakin ga shi ka sa mata."

Ban ga laifinsa ba, ko a ranar. Namiji ne, abin kunya ne a ce uwarsa tana cin tuwon suruki. Amma abin da na faɗa bayan haka ya fi yi masa ciwo. Na ce simintin nan da yake alfahari da shi, shi ya kulle ruwan a ciki, sai an fasa shi daga ƙasa zuwa gwiwa, ciki da waje, bango ya sha iska. A cire ƙyaure da murfin taga, a tone tsohon daɓe gaba ɗaya, a haƙa hanyar ruwa a bayan ɗaki, a riƙa sa kaskon garwashi a ciki da yamma. Ya dube ni kamar na ce ya rushe gidan. Ya ce zai nemo wasu mata su yi masa aikin. Na ce ya nema. Na san babu mai daɓen da za ta durƙusa a ɗakin da wata shugaba ta ce bai yi ba, shi ma ya sani. Mata suka ci tuwon, don ba a zubar da abinci, suka ɗauki madaɓansu suka watse, wasu na ƙunƙuni. Aka zubar da makuba a bayan gida. Da zan tafi Umaru bai raka ni tasha ba, kuma ya daɗe ba ya ɗaukar wayata. Amma bayan kwana kaɗan Hajo ta aiko mini cewa ta ji ƙarar guduma da sassafe, ta leƙa ta gan shi yana fasa simintinsa da kansa.

Da na dawo na faɗa miki, Balkisu, ke kuma kika faɗa wa Inna. Ta kwana biyu ba ta cin abin kirki. Wannan ya fi fushin Umaru damuna. Na riƙa tambayar kaina ko na yi daidai, tsohuwa tana son ɗakinta, ni na tare hanya. Sai in tuna sanyin basillar nan a kumatuna, in tuna yadda ƙirjinta ke yi idan fuka ta tashi, in ce a'a, ko za ta yi fushi da ni har abada ba za ta kwana a kan ruwa ba.

Daga nan duk bayan 'yan makonni nakan shiga mota in je Kalgo, in kife tasa, in kwana wurin Hajo, da safe in ɗaga. Gumin yana raguwa, amma a hankali, don bangon da ya kai kamu uku kauri ba ya sakin ruwa don ana sauri. Wani jikana da ke aikin gine-gine a birni ya ce mini yanzu akwai na'urar da ake dannawa a bango ta nuna laimar da ke ciki nan take. Na ce madalla, da na same ta a lokacin da ta rage mini kwana a gidan mutane. Amma ko da na'ura sai an jira, ita ma ba ta busar da bango.

A cikin jiran nan ne abin da ban zata ba ya faru. Inna ta fara sakewa. Ƙullin kaya ya kwance da kansa, yau a ciro zane, gobe a ciro carbi, har ya zama babu ƙulli. Ta karɓe wankan jariri daga hannuna, wai ban iya ba, ni da na haifi takwas. In ina aiki a tsakar gida sai ta jawo kujera ta zauna kusa, ba ta dube ni ba, ta kama yi wa kaji magana.

"Kun gani, kaji? Wasu na kirɓa hura kamar ana korassu. Hura ba ta son gaggawa."

Sai in rage hannu. In na zuba gishiri a miya ta gaya wa kaji ya yi yawa. Da kika koma ɗakin mijinki, Balkisu, na ɗauka hira ta ƙare tunda babu mai isar da saƙo, ashe kaji sun isa. Ta bakinsu na ji labarin ranar da aka haife ni, da yadda ta bi motar da ta ɗauko ni zuwa Gwandu da ido daga bayan danga don kada a gan ta. Ta faɗe shi tana watsa musu tsaba, kamar labarin wata. A watannin nan na san Inna tana son ɗanyen kuɓewa, tana tsoron ƙadangare, tana da dariyar da ke sa ta riƙe ciki. Na gane ashe yadda nake murza kunne idan ina tunani, nata ne. Sanyi ya zo ya wuce, fukarta ba ta tashi ko sau ɗaya ba. Ba zan ɓoye muku ba, ban taɓa jin daɗin zaman gidana kamar na wannan lokaci ba. Ina da shekara hamsin da wani abu, ga ni da uwa a tsakar gida.

A Kalgo kuwa zance ya canza. Aka daina cewa Umaru ya yar da uwarsa, aka koma cewa Adda ce ta riƙe ta da gangan, tasar nan dabara ce. Da na ji na yi dariya, don na san gumin da nake gani. Amma maganar ta zauna mini, saboda na lura na daina ɗokin zuwa Kalgo. Idan na ɗaga tasa na ga sauran laima, wani ɓangare na zuciyata yakan yi hamdala.

Da zafin bazara ya kankama na je kamar kullum. Na kife tasa, na cusa gishiri. Da safe na shiga ni kaɗai, Hajo tana wurin murhu, Umaru ya tafi fadama. Na ɗaga. Cikinta a bushe, yadda na goge ta jiya. Na shafa da tafin hannu, na shafa da bayan hannu. Na ciro gishiri, yana zuba warwar. Na soka basilla a kusurwar da ta fi taurin kai, ta fito da ɗumi, garin ƙasa na zuba daga jikinta. Na ƙwanƙwasa bango daga sama har ƙasa, murya ɗaya. Na zauna a dandariyar ƙasa da tasa a cinya. Ga butar alwalata a bakin ƙofa. Ɗigo uku daga bakinta a cikin tasa sun isa in fita in nuna wa Hajo in ce da saura, kuma duk Kalgo babu mai ƙaryata ni, don an riga an saba. Ƙarin wata guda da Inna kawai nake so. Na daɗe a zaune ina duban butar nan. Abin da ya tashe ni shi ne tunanin Umaru da guduma a hannu yana fasa simintinsa saboda maganata, da tsohuwar da na ji da kunnena tana cewa ba ta son mutuwa a gidan suruki. Na tashi na kira Hajo na ce ta aika fadama, ɗaki ya bushe, a jiƙa makuba.

Ban taɓa yin daɓe irin wannan ba. Matan da suka watse suna ƙunƙuni su suka dawo, har da ƙari. Muka buga tun hantsi har la'asar, muna waƙa, ƙasa tana amsawa. Umaru ya yanka akuya. Da zan tafi ya raka ni tasha, ya riƙe mini jaka, bai ce komai a kan abin da ya wuce ba, ni ma ban ce ba. Aka bar daɓen ya sha iska, aka yaɓe gindin bango da ƙasa da makuba, aka mayar da ƙyaure. Sannan na ɗaure wa Inna kayanta da hannuna na rako ta.

Ta tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ta shiga da bisimilla. Ta taka ɗakin daga wannan kusurwa zuwa waccan a hankali, tana jin ƙasa da tafin ƙafa. Ta dafa bango, ta sunkuya ta shinshina. Sannan ta zauna a bakin gado. Na ga komai ya yi, na yi sallama na juya ina neman takalmina don kada mota ta wuce ni. Sai na ji ta tana magana da Hajo, da ƙarfin da ya fi wanda ake yi wa na kusa.

"Aiki ya yi kyau, Allah shi yi albarka. Sai dai wasu mutane ba su iya ƙarya ba, ko ta wata guda."

Hajo ba ta gane ba, ta ce wa ke nan, Inna? Inna ta ce ta miƙo mata buta. Ni na tsaya a bakin ƙofa da takalmi ɗaya a ƙafa, na kasa sa ɗayan. Ranar na san cewa abin da nake so ita ma shi take so, kuma ta san sarai abin da ya faru a ɗakin nan da safiyar da na ɗaga tasa. Na yi kuka a mota tun daga Kalgo har Kambaza, wata mata da ke kusa da ni tana ta ba ni haƙuri, ta ɗauka rasuwa aka yi mini.

Inna ta yi shekaru a ɗakinta lafiya, a ciki Allah ya karɓi ranta, kamar yadda ta roƙa. Amma daga wannan shekara, duk kaka idan an gama girbi, sai ta ce da Umaru ƙafarta na ciwo, kuma ba mai iya mata sai wani mai magani a Gwandu. Shi kuma ya sako ta a mota ya kawo, ta yi wata guda ko fiye. Mai maganin nan ba ta taɓa zuwa wurinsa ba. Ƙafar lafiyarta lau, ni na sani, Umaru ya sani, babanku ya sani, kuma har ta bar duniya babu wanda ya taɓa faɗa.